Daɓen da Munka Yi Babu Waƙa

Ku dai ku yi ta dariya. Na ji ku sarai jiya, kuna leƙe ta kan danga ina gyaran daɓen ɗakina, ɗayarku tana cewa, "Inna Tumba da son wahala, mi ke cikin bugun ƙasa?" To ku matso, ku ajiye wayoyin nan, in gaya muku abin da ke ciki. Wadda ta ga sauƙinsa, ga madaɓi can jingine bayan randa, ta ɗauko ta yi mini taki biyu kacal. In ba ta wayi gari tana kiran uwarta saboda ciwon kafaɗa ba, ku sake mini suna.

Ɗakin farko da na sa wa hannu na wata amarya ne a Maradun, ina bin Gwaggo Kulu, ƙanwar babana, wadda ita ce uwar daɓen unguwarmu. Kafin ranar nan rani uku na yi ban taɓa madaɓi ba. Aikina ɗebo ruwa, tsince ƙasa, da jiƙa makuba. Kun ga, ko makubar ma ba ku sani ba. Ɓawon ɗorawa ne, bayan an cire garin da kalwar. A zuba shi cikin tsohuwar randa, a cika da ruwa, a bar shi kwana biyu ko uku har ruwan ya yi ja ya koma baƙi-baƙi. Shi ake yayyafa wa daɓe ya kama, ya yi sheƙi, gara ta ji tsoronsa. Ƙasa kuwa ba kowace ba. Ja ake nema mai 'yar tsakuwa. Ta fadama kyan ido gare ta, amma da ta bushe sai ta tsattsage.

Ranar da Gwaggo ta miƙo mini madaɓi, kai, sai na ji na zama mace. Icen ƙirya ne, cikinsa shimfiɗe, hannunsa ya yi santsi saboda riƙo. Na durƙusa na ɗaga shi sama da kaina, na zabga wa ƙasa iya ƙarfina. Bugu na uku Gwaggo ta make mini wuyan hannu.

"Ke, faɗa kike da ita? Mi ta yi miki?"

Ta nuna mini. Madaɓi yana da nauyinsa, naka kawai ka ɗaga shi ka sake shi. Kowane bugu ya hau rabin na gabansa. A fara daga ƙurya, ana ja da baya har bakin ƙofa. Kuma kunne ne ke aikin, ba ido ba. Ƙasa in tana ɗanya ɓaf-ɓaf take cewa. In ta fara zuwa sai muryar ta sirance, in ta iso sai ka ji ƙwas, har cikin haƙoranka. Ba a yini ɗaya ake kaiwa can ba. A buga da safe, a bari ta sha iska, a yayyafa makuba, a koma da la'asar, haka har kwana huɗu, sannan a bi ta da sulɓaɓɓen dutsen gulbi.

Da aure ya kawo ni Bakura na zo da madaɓina cikin kayana. Na yi wa iyayen amare, na yi wa malamai zaurukan karatu, na yi wa manoman Bakolori wurin shanyar shinkafa. Akwai wani mai albasa da ba na mantawa. Munka yi masa daɓen rumfa, na ce masa, "Alhaji, kwana huɗu, ko akuya kada ta shiga." Kwana biyu ya kasa haƙuri, ya sa anka jibge albasa a kai. Da anka kwashe, daɓen ya biyo albasar. Wai kuma har ya aiko yana cewa aikin mata ba ya ƙarko. Na ce a gaya masa kunnen maza ne ba ya ƙarko.

Lokacin nan daɓe da waƙa ake yinsa. Mata takwas, goma, a jere gwiwa da gwiwa, ɗaya na bayarwa saura na amshi, madaɓai na sauka tare har ka ji daga bakin kasuwa. Mu zagi rowar maza, mu tsokani uwar ango, mu yi wa amarya shaƙiyancin da ba zan maimaita muku ba. Shekara da shekaru na ɗauka waƙar ce ke riƙe da aikin. Sai siminti ya shigo, anka daina kiranmu. Uwar amarya ta gan ka a hanya ta kau da kai, kamar kai ne talaucin da ta baro.

Sai ga shekarar da ƙauyuka sunka watse. Ba sai na gaya muku ba, kun gani da idonku. Daji ya gagari kowa. Ramin da muke ɗebo jar ƙasa ba mai zuwa, ɗorawa ta nuna ta zube babu mai tsinta, makuba ta zama abin da ake ɓoyewa ƙarƙashin gado. Amma mutane sunka cika gari da 'ya'ya da tabarmi, kowane gida ana ta ɗora ɗaki, siminti kuma ya fi ƙarfin talaka. Sai anka tuna da mu. Ban taɓa ganin aiki da yawa irin na shekarar nan ba, ban kuma taɓa yin aikin da ba daɗi irinsa ba.

Cikin ranin nan ne Hassi, matar Malam Garba mai karantarwa a bayan masallacin unguwarmu, ta aiko. Sun gina ɗaki ɗaya don dangin Malam da sunka gudo daga wani ƙauye can bayan Maradun. Munka je ranar Lahadi, ni da mata uku. Tun a zaure Malam ya tare mu, munka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da zafi, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, alfarma ɗaya. Gidan nan akwai baƙin ciki. A yi aikin babu waƙa."

Na ce to, amma a raina na ce yau ake yinta. Ban taɓa daɓe shiru ba.

Munka baza ƙasa, munka tattake, munka yi bugun farko. Hannuwanmu sai saɓawa suke, wannan ta sauka waccan ta tashi. Da kyar munka kai bakin ƙofa kusan azahar. Na fita wanke hannu ke nan, na juyo, sai ga wata mata ta faɗa ɗakin kai tsaye, ta zaga ta fito, tana magana ita kaɗai. Sawu bakwai ta bar mini, kowanne ya nutse.

Kun san bakina. Na ce, "Ke! Makauniya ce ke ko kurma? Wagga wace irin mata ce, ƙatuwa da ita?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta nufi zaure, ta leƙa, ta dawo rijiya, ta sake komawa zaure. Hassi ta jawo ni bayan rumbu.

"Inna, ki rufa mini asiri. Luba ce, matar Isa ƙanen Malam. Ranar da 'yan bindiga sunka shiga garinsu yana gona. Yau wata biyu, ba shi ba labarinsa. Ba a ga gawa ba balle ta yi takaba, ba a kuma ji muryarsa ba. Tun da ta zo ba ta zauna ba. Ba ta ci sai a tsaye, loma biyu. Da ta ji babur sai ta ruga ƙofa."

Ta nuna mini jinjirar da ke bayanta. "Wagga ɗiyarta ce, Nana, wata huɗu. Nono ya ɗauke. Shekaranjiya ta ajiye ta bakin murhu ta bi wani babur har bakin titi, Allah ne ya kai ni. Hajiya Abu, yayar su Malam da ke Talata Mafara, ta ce ba za ta zuba ido ba. In ta ci kasuwar Talata, ranar Laraba za ta zo ta ɗauki yarinyar ta riƙe."

Wallahi kunya ta kama ni, na ji kamar in shige ƙasa. Amma sawu bakwai na nan suna kallona, ƙasa kuma tana shan iska. A dokar Gwaggo Kulu, wadda ta taka ɗanyen daɓe ita ke goge sawunta, ko uwar amarya ce. Kada ku ce wata hikima ce ta zo mini. Abin da na saba ne kawai. Na tare Luba tsakanin rijiya da zaure, na danƙa mata madaɓi, na ce, "Ɗiyata, kin ɓata mini aiki. Zo ki gyara."

Ta dube ni kamar yanzu ta fara ganina. Wataƙila don wata biyu ba wanda ya sa ta aiki, kowa sai lallaɓa ta yake. Ta biyo ni, ta durƙusa, ta fara. Hoɗijam! Ba bugu take ba, sara take. Bakinta kuma bai tsaya ba: "Da na hana shi fita. Ai na ce masa ya bari sai gobe. Ko Tsibiri ya nufa? Yana da aboki can. Bai karya ba ya fita, furar tana nan na rufe masa." Kafin in farga ta mai da sawu ɗaya rami.

Nan na yi kuskurena. Tausayi ya kama ni, na dafa ta na ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Allah na nan. In yana raye zai dawo."

Ta saki madaɓin kamar ya ƙone ta, ta miƙe ta koma zagayenta, har ta fi ɗazu sauri. Gaskiya na faɗa, amma ita wagga magana ta ji ta sau ɗari. Duk wanda ya ce mata "in yana raye", ya sake buɗe mata hanyoyi biyu ne, ita kuma sai ta bi duka biyun a guje.

Ranar Litinin na zo da niyya. Na gaya wa abokan aikina kada wadda ta yi mata jaje. Na cike ramin jiya da sabuwar ƙasa, na kira ta, na durƙusar da ita kusa da ni.

"Nan kawai ne naki, daga gwiwarki zuwa tawa. Sauran ɗakin ba ruwanki da shi. Ɗaga. Kada ki buga, sake shi. Ki saki numfashi tare da shi."

Ta saki.

"Mi ta ce?"

"Wa?"

"Ƙasar. Mi ta ce miki?"

Ta sake ɗagawa ta saki, wannan karon da kunne. "Ɓaf," ta ce.

"To ɗanya ce. Matsa rabin madaɓi. Mi ta ce nan?"

Haka munka yi ta yi. Da ta fara "da na hana shi", sai in ce, "Ban ji ba, mi ta ce?" Ba za ka iya saurarar ƙasa kana saurarar kanka lokaci guda ba, dole ɗaya ya jira. Da yake babu waƙa, ɗakin ba abin da ke tashi sai saukar ice da numfashinmu. Sannu a hankali hannuwanmu mu biyar sunka haɗu, ba wadda ta ba da waƙa, ba wadda ta yi amshi.

Sai babur ya wuce ta ƙofar gida. Ta zabura. Na riƙe mata zane.

"Ban hana ki ba. Bugu uku sunka rage a layinki. Ƙarasa ki je."

Ta yi su a gaggauce, ta ruga, ta dawo da kanta ta durƙusa. Na biyu da ya wuce, bugu shida sunka rage, ta ƙarasa ta je. Kafin la'asar akwai wanda ya wuce ta ɗaga kai kawai, ta dubi layinta ta ga da saura, ta ci gaba. Tafin hannunta duk ya yi bororo ya fashe, na shafa mata man kaɗanya na ɗaure da tsumma.

Ranar Talata da rana Hassi ta kawo mana fura. Munka zauna inuwar rumbu, sai na ga Luba ta zauna ita ma, ba wanda ya ce ta zauna. Yunwar daɓe ba ta san baƙin ciki ba. Ta sha ludayi ya fi goma. Tana jingine da bango, ludayin na hannunta, barci ya ɗauke ta. Hassi ta toshe baki da gefen mayafi tana hawaye, ta kori kaji daga tsakar gida don kada su tashe ta.

Ina kallonta sai na tuna shekarar da na rasa maigidana. Bayan na fita takaba na yi ɗakuna sun fi na kowace shekara, har inda ba a kira ni ba ina zuwa. Mutane na cewa Tumba ta cika neman duniya. Ni kaina ban san abin da nake nema ba sai ranar nan a gidan Malam Garba.

Da ta farka ta ce mini, "Inna, kaina kamar injin niƙa ne da anka manta ba a kashe ba. Amma in ina bugu sai ya rage gudu." Na ce, "To tashi, makuba na jira." Ban ƙara komai a kai ba, na riga na koyi darasina.

Laraba da hantsi muna bin daɓe da dutse, aikin ƙarshe, sai ga sallamar Hajiya Abu. Babbar mace ce mai sayar da shinkafa, ba ta da alamar mugunta ko kaɗan, idanunta ma sun kumbura. Sabon zanen goyo na ninke a hannunta. Munka gaisa, ta tambayi aiki, na tambayi hanya da kasuwar jiya da mutanen Mafara. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon Luba, wadda ke durƙushe tana murza dutse a hankali, gaba da baya.

"Luba, sannu da aiki."

"Yauwa, Yaya. Kun zo lafiya? Ya gida, ya yara?"

Hajiya ta dubi Hassi. Ashe wata biyu rabon da Luba ta amsa gaisuwa har ƙarshenta.

Nan fa Nana ta tsala kuka a bayan Hassi. Kuma kamar an shirya, sai ga babur, ba wucewa ya yi ba, tsayawa ya yi daidai ƙofar gida, anka kashe shi. Wallahi ni kaina sai da gabana ya faɗi. Hannun Luba ya tsaya a kan dutse. Ta juya ta kafa wa zaure ido, ƙafa ɗaya har ta tashi. Ba layin da zan ce ta ƙarasa, kuma wannan ba nawa ba ne.

Na ji ta saki numfashi, dogo, irin na saukar madaɓi. Ta ajiye dutsen. Ta fito ta tsuguna gaban buta ta wanke makubar hannunta tas, don ɗacinta kada ya taɓa bakin yarinya. Ta kwance Nana daga bayan Hassi, ta zauna a dokin ƙofa, ta sa ta a nono. Sannan ta ce, "Yaya Hassi, don Allah a duba mini ko wane ne."

Hassi ta je ta dawo. Wani manomi ne ya kawo wa Malam buhun shinkafa. Luba ta gyaɗa kai, hawaye na zuba kan goshin yarinyar, amma ba ta tashi ba.

Hajiya ta daɗe a tsaye. Can ta tattara zanenta ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Nonon ya dawo?"

"Kaɗan, Yaya. Tun jiya."

"Luba, kada ki ce ƙinki nake. Tsoro nake ji. Ita kaɗai ta rage mini daga Isa."

"Na sani, Yaya. Ni ma ita kaɗai ce."

Ni dai na koma ciki na ɗauki dutsena, don akwai kusurwar da ba a murza ba, kuma ba na son a ga idona.

Da Hajiya za ta tafi ta kira ni gefe ta ce, "Inna, mi kinka ba ta?" Na ce madaɓi. Ta ɗauka wasa nake. Ta ce to, ba ta fasa ba, ta dai ɗaga. Za ta dawo Laraba mai zuwa ta gani da idonta, in ta tarar Luba ta koma gidan jiya, ba mai hana ta tafiya da yarinyar. Na ce hakkinta ne.

Kada ku fita ku ce Inna Tumba ta ce daɓe na warkar da ciwon zuciya. Ban ce ba. Malam bai fasa yi mata addu'a ba, Hassi kuma ta kai ta asibiti anka duba ta anka ba ta magani. Akwai ranakun da abin ke dawo mata, ta koma zagayen rijiya da zaure. Isa kuwa har yau da nake muku maganar nan ba labari. Amma ta samu wurin da za ta ajiye kanta in ya ɗauki gudu. Washegarin Larabar nan da kanta ta zo gidana da Nana a baya, ta ce, "Inna, ina ne aiki yau?" Na kai ta. In babu aiki sai ta jiƙa wani gefe na tsakar gida ta yi ta bugu ita kaɗai, har Hassi ta ce gidansu ya fi fadar kowa daɓe.

Hajiya Abu ta cika alkawari. Laraba ta zo da zanen goyonta a ninke, ta yini tana kallo, ta koma da shi. Ta biyun ma haka, ta ukun ma haka. Ranar Laraba ta huɗu muna aiki a wani gida can kusa da kasuwa, ta biyo mu har can. Na dubi hannunta, babu zane. Ƙullin gero ta riƙo da 'yar kwalbar man shanu. Ta ajiye gaban Luba ta ce, "Ki riƙa sha, mai shayarwa ba ta zama da yunwa." Sannan ta karɓi Nana ta yi mata wasa har la'asar, da za ta tafi ta ɗora ta a bayan uwarta, ta ɗaure mata zanen da hannunta.